Zabiyar da Kuka Kashe wa Makirfo

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Dudu makwancinta a nan Greensboro ta Amurka. Allah Ya ji ƙanta. Ni ba mai son tada magana ba ce, kowa ya sani, amma bana an taɓo ni.

Ga waɗanda ba su san ta ba, zabiya ce daga Damagaram. A zamaninta ba a wankan amarya a unguwarsu sai ta iso. Ɗanta ya kawo ta renon jikoki, ya ajiye ta can Pleasant Garden, inda ko maƙwabci ba ka gani sai ka shiga mota. Ya kuma gargaɗe ta kada ta gaya wa kowa sana'arta.

Sau ɗaya ta karya dokar. A bikin 'yar Hajiya Lami, shugabar ƙungiyarmu ta mata, a wani ɗakin taro da ke High Point Road, aka shigo da amarya shiru kamar an shigo da mara lafiya. Yaya Dudu ta kasa daurewa. Ta karɓi makirfo, ta rangaɗa guɗa, ta soma waƙar rakiya. Hajiya Lami ta yi wa mai kiɗa alama, ya zare wayar makirfon.

"Mama, nan Amurka ce, ba a roƙo," in ji ta. Mata suka yi dariya.

Bayan nan ne 'yata Rabi ta aro wani tsohon fim na Japan a laburare, don aikin makaranta. Labarin wasu mata ne da suka yi tashen waƙa da rawa a gaban manya, suka tsufa, gari ya sake, ba mai waiwayarsu. Rabi tana fassara mana, Yaya Dudu ta ɗaga hannu.

"Bar shi, 'yar nan. Wannan yaren na iya shi."

Ta kalla har ƙarshe.

To, watan jiya sai ga wayar Hajiya Lami. Wai jami'a za ta yi ranar al'adu, Turawa suna son jin waƙoƙin bikinmu na asali, kuma ni kaɗai na haddace na marigayiya. "Anti, ki taimaka, ai gadonmu ne."

Gadonku? Da tana raye ta ji wannan, na san dariya za ta yi har ta share hawaye da bakin mayafi, ta tambaya ko yanzu wayar makirfon ta gyaru.

Na ce a'a, kuma ina nan a kai. Waƙoƙin nan na amare ne, ba na nuna wa baƙi ba. Duk yarinyar da za a kai ɗaki, uwarta ta kira ni, zan zo kyauta. Sharaɗi ɗaya: kafin in buɗe baki, uwar amarya za ta miƙe ta faɗi sunan mai waƙar da sana'arta. Hajiya Lami, autarki ta kusa aure. Ina jira.