Barantakar da Na Yi a Ayarin Gwanja

Na yi aikin koyarwa tun ina saurayi har furfura ta rufe mini kai, kuma mafi yawan shekarun nan ina shugaban makaranta ne, da fari a Kebbe, daga baya a nan Tambuwal. A duk tsawon wannan zamani ban taɓa ɗora wa jaki mangala ba, ban kuma taɓa amsa kiran wani da gudu ba. Sai da na ajiye aiki, na zama dattijon da ake tashi a ba shi wuri, sa'an nan aka ɗauke ni barantaka.

Muna da wani aboki, tsohon malamin asibiti, wanda kowa ke kira Likita, ko da yake shi kansa ya san iyakar takardarsa. Wata shekara ya tafi wurin ɗansa a Kaduna aka yi masa aikin ido, ya yi wata uku a can. Ya ga ɗan nasa da abokansa, manyan ma'aikata masu iyali, suna kewaye tebur ranar hutu suna wani wasa. Mutum ɗaya ke jan labari. Sauran kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labarin, ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Labarin nasu na dodanni ne da mayaƙan wata ƙasa mai sanyi. Da Likita ya dawo sai ya zubar da dodannin, ya kafa ayarin fatake da zai tashi daga nan ya tafi Gwanja sayen goro, kamar yadda kakanni suka yi. 'Ya'yan lido kuwa muka ce da girmanmu ba za a gan mu da su a ƙofar gida ba. Saboda haka ya tara murafan kwalba ashirin, ya rubuta lamba a cikin kowane, ya zuba su a wata tsohuwar hula. Wanda zai yi abu mai wuya sai ya sa hannu ya zaro ɗaya. Lamba babba nasara ce, ƙarama kuwa sai abin da Likita ya ga dama.

Mu uku ne 'yan wasa, muna haɗuwa a rumfar ƙofar gidansa kowace Alhamis da Lahadi, daga la'asar zuwa kiran magariba. Akwai ni. Akwai taubashina, tsohon direban babbar mota, wanda bai taɓa jin nauyina ba ko na yini ɗaya. Na uku shi ne tsohon malamin dabbobi, mutumin wajen Fakku, wanda na koyar a aji uku da aji huɗu a Kebbe. Shi ma ya yi ritaya, jikokinsa sun fi nawa yawa, gemunsa ya fi nawa fari, amma har yau in ya hango ni sai ya durƙusa.

Matsayi ma ƙuri'a aka yi masa. Direba ya zaro maharbi mai gadin ayari. Malamin dabbobi ya zaro madugu. Ni kuwa na buɗe takardata na ga an rubuta: bara mai kula da jakuna da takarkarai. Direba ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Malamin dabbobi ya miƙo mini tasa takardar da hannu biyu domin mu yi musaya, Likita ya ce ba a yin haka, abin da hula ta ba mutum shi ne nasa. Na karɓi hukuncin da fuskar da ta dace da mai ilimi.

Ranar farko ayari ya isa bakin gulbi. Likita ya gyara tabarau ya ce, “Ruwa ya cika, mai fito shina can ƙetare shina barci, ga hadari ya taso. Madugu, mi za a yi?”

Madugu ya juyo gare ni, ya sunkuyar da kai. “Allah shi gafarta Malam, yaya Malam ya gani?”

Dole in faɗi gaskiya: na amsa. Mutumin da aka yi shekaru ana tambayar ra'ayinsa ba ya iya barin tambaya ta faɗi ƙasa. Na ce a sauke kaya a kan tudu a jira gari ya waye, aka yi haka. Daga nan abin ya zama ɗabi'a. Dokin madugu ni nake hawa, domin ya ce ba zai iya zama a kan sirdi Malam yana tafiya ƙasa ba, alhali babu doki, babu ƙasa, dukanmu a tabarma ɗaya muke zaune. In an sauka zango aka dafa abinci, bara ke fara sa hannu. Da muka isa wani gari sarkin garin ya aiko a kira madugu, sai madugu ya ce ai bai kamata ya shiga fada ya bar Malam a waje da jakuna ba, shi ya tsaya da jakunan, ni na shiga aka yi mini shimfiɗa.

“Wannan bara dai,” in ji Direba, “ko shi ya haifi madugun ne ba mu sani ba?”

Shi ma ba wani abin kirki yake yi ba. Duk inda Likita ya ambaci hanya sai ya tambaya ko akwai ramuka. Ran da kura ta zagayo zango ya ɗana kibiya da fahariya, ya zaro lamba ɗaya, Likita ya ce kibiyar ta fasa salkar ruwanmu. Direba ya yi rabin sa'a yana gardama cewa iska ce, a labarin da ba a ambaci iska ba. Amma shi aƙalla maharbinsa maharbi ne.

Bayan mako biyar haƙurin Likita ya ƙare. Ya kife hular a kan murafan ya ce, “Ni ayari na shirya, ba taron malamai ba. Na yi kwanaki ina tsara abin da zai sami madugu in ya yi kuskure, ga madugu ya ƙi yin ko da kuskuren. In ranar Alhamis bai ba baransa umurni da bakinsa ba, fatake sun watse, kowa shi koma gida. Murafan ga in ba jikokina su yi mota da su.”

Na koma gida ina nuna ban damu ba. Amma na damu. Wanda bai yi ritaya ba bai san tsawon la'asar ba. Abokan zamanina da yawa sun riga mu, waɗanda suka rage kuwa in mun haɗu ba mu da zance sai ciwon gwiwa da wanda ya rasu. A rumfar nan kaɗai nake zama a yi sa'a biyu ba a tambaye ni ya jiki ba. Kuma na san laifin rabi nawa ne, domin hawan dokin ya yi mini daɗi.

Washegari na aika aka kira mini malamin dabbobi. Ya zo ya durƙusa a zaure. Na yi masa bayani mai tsari, da gabatarwa da misalai, cewa wasa wasa ne, kuma ina umurtarsa da ya umurce ni.

“To, Malam,” ya ce.

“Gwada in ji.”

Ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa. “In Malam ya ga babu takura, ko zai taimaka shi duba jakunan, in ya huta.”

“Wannan roƙo ne. Ɗaga murya.”

Ya maimaita roƙon da ƙarfi. Muka yi ta yi har maiɗakina ta aiko a tambaya ko lafiya. Da ya tafi na zauna na gane kuskurena: duk umurnin da zai ba ni don na sa shi, biyayya ce kawai ya ƙara yi mini.

Sai na tuna abin da na sani game da shi. Mutum ne mai sanyi a kan komai, ban da dabba. An sha ba ni labarin yadda yake tsayar da amalanke a tsakiyar kasuwa ya sauke rabin kayan da hannunsa, mai amalanken yana kallo. Ranar Laraba na tafi wurin wani maƙwabcina mai shanu, na ce ya gaya mini mafi munin abin da jahili zai yi wa takarkari. Ya dube ni da mamaki, ya lissafa mini. Na rubuta a takarda, na haddace kamar mai shirin jarrabawa.

Ranar Alhamis Likita ya buɗe wasa fuska a ɗaure. Ya ce ayari ya sauka kusa da wasu gonaki da aka riga aka girbe, rana ta yi zafi. Madugu ya juyo zai tambaye ni, na riga shi.

“Ni bara,” na ce, “na ga jakin nan mai miki a baya. Na ɗora mai mangalar gishiri a kan mikin, na ƙara buhu guda.”

Malamin dabbobi ya motsa a inda yake zaune. “Malam, da dai an sa tsumma a ƙarƙashi.”

“Babu tsumma. Na ɗaure da igiya, na ja da ƙarfi.”

Likita ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, na ga ya fara fahimta.

“Sa'an nan,” na ci gaba, “takarkaran sun wuni ba su ci komai ba. Ga gonar dawa can an yanke, gyauro ya tsiro kore shar a gindin kara. Na kwance su duka shida, na kora su ciki.”

Kowane mai dabba a ƙasar nan ya san ɗanyen gyauron dawa yana kumbura cikin sa ya kashe shi, balle da yunwa. Ni sai ranar Laraba na sani.

“Sun shiga,” in ji Likita a hankali. “Babban farin ya fara ci.”

“Malam...”

“Na zauna a inuwa,” na ce, “na ciro goro.”

Ban ga lokacin da malamin dabbobi ya miƙe ba. Sai dai na gan shi tsaye a kaina, yatsa a miƙe, da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba. “Kai wane irin sakarai ne? Gyauro? Da yunwa? Tashi maza ka fitar da su. Tashi nika ce maka. Ka sauke gishirin ga daga bayan jakin ga, ka wanke mikin da ruwan ɗumi, in kuwa sa guda ya kumbura, kai za ka ɗauki kayanai har Gwanja.”

Wata mai tallan fura da ke wucewa ta tsaya. Direba ya cusa hannun riga a baki, kafaɗunsa suna rawa. Shi kuwa mai maganar ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya fara lanƙwasa gwiwa zai durƙusa. Na san in gwiwar nan ta taɓa ƙasa an gama.

Na yi sauri na sunkuyar da kai. “To, ranka shi daɗe, madugu. Na tuba.”

Likita ya miƙo mini hula. Na zaro sha bakwai, takarkarai suka fito lafiya. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ce, “Ayari na nan. Madugu, baranka ya yi ganganci. Akwai horo, ko an yafe?”

Na ɗauka zai ce an yafe. Madugu ya koma ya zauna yana shafa gemu. Na ga wani abu yana motsi a gefen bakinsa.

“Akwai rijiya a zangon ga?” ya tambaya.

“Akwai.”

“Akwai kwamin shayar da dabbobi?”

“Babba ma.”

“To, shi cika shi. Amma ba da guga ba. A ba shi gwangwanin madara.”

Direba ya ce wannan wace irin mugunta ce, a ina ya samo ta. Ni ban tambaya ba, domin na gane horon. Ni na ƙirƙire shi a Kebbe saboda masu makara, kuma a zamanin ina alfahari da shi ƙwarai. Na dubi madugu, ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun yana aji uku.

“Kwana nawa zai ɗauka?” in ji shi.

“Hula za ta faɗa,” in ji Likita.

Na sa hannu na zaro biyu, ƙaramar lamba, Likita ya yanke mako biyu. Ayari ya yi mako biyu a zangon nan yana jirana, madugu a kan dokinsa yana aiko maharbi ya duba ko ruwa ya kai rabi.