Igiyar da ke Hannun Arlen Birki

Duk ranar da za a yi gasar jan nauyi ta taraktoci a filin baje kolin gundumarmu, Arlen Gerken ne yake fara isa. Kafin masu sayar da kofi su ɗora ruwa ya riga ya sauke tirelar nauyi, ya zaga ta da gwangwanin giris, ya taɓa kowace sarƙa da hannunsa. Daga nan sai ya taka filin daga farko zuwa ƙarshe, ya ɗebi ƙasa ya dunƙula a tafinsa, ya ce wa mai tankin ruwa ya ƙara nan, ya rage can. Abin da yake bari a ƙarshe shi ne igiya. Yakan ja ta, ya mayar, ya sake ja, kamar bai taɓa ganinta ba.

Akwai wani abu kuma da yake yi tun kafin ya bar gida. Idan ya fito da mota yakan rage gudu a bakin gonar maƙwabcinsa Merle Wachtman, ya ɗaga hannu. Shekaru da yawa Merle bai amsa ba. Arlen kuma bai daina ɗagawa ba.

Bana Arlen ya ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace a faɗi wani abu a kansa tun yana iya karantawa ya musanta.

Mu 'yan kallo tarakta muke kallo. Ita ce mai fenti da suna da hayaƙi, musamman a ajin gyararru, inda mutum zai jera inji uku ko huɗu a kan ƙarfe guda, wani ma ya ɗora injin jirgi mai saukar ungulu. Abin da take ja ba wanda yake ɗaukarsa hoto. Doguwar tirela ce da akwatin nauyi a kanta. Tana tafiya akwatin yana matsowa gaba, yana danne farantin ƙarfen da ke goshinta cikin ƙasa, har tarakta ta gaza. Wanda ya fi nisa shi ya ci. A can bayan tirelar akwai ɗan ɗaki mai kujera ɗaya, nan Arlen ya zauna fiye da shekara talatin. Shi yake saita saurin akwatin. Shi kuma yake riƙe da igiyar da ake maƙala wa kowace tarakta ta baya, wadda idan aka ja ta injuna suke mutuwa nan take.

Ke nan aikinsa tsayar da mutane ne, kuma ba a yi wa mai wannan aiki tafi. Masu ja suka sa masa suna Birki. Idan suka gan shi da safe sai su tambaye shi ko yau ma ya zo ɓata musu rana ne, shi kuma ya ce a'a, ya zo ne ya ga inda kuɗin matansu zai tsaya. Zolaya ce, amma da gaskiya a ciki. Kyautar wanda ya zo na ɗaya da ƙyar take biyan man da ya ƙona da kuɗin hanya, kuma inji ɗaya idan ya fashe yakan tafi da ribar masarar shekara. Mutumin da ya zuba wannan dukiya a cikin abin da ba ya kai minti guda yana gudu, ba ya son a taɓa masa ko taku ɗaya.

Wilma Rohrs, wadda take auna taraktoci a kan sikeli kafin su shiga fili, ta ce ba ta taɓa ganin Arlen ya taɓa saiti a tsakiyar aji don wani ba. Yadda ya sa wa na farko haka na ƙarshe zai samu. Ta tuna wata shekara da ya yi kuskure, ya sa wa akwatin sauƙi, taraktoci suka riƙa wuce ƙafa ɗari uku, iyakar filin, ɗaya bayan ɗaya kamar masu tafiya kasuwa. Ya sauko, ya karɓi lasifika, ya ce laifinsa ne, a sake ajin daga farko. Jama'a suka jefe shi da totuwar masara. Ya tsinci ɗaya ya duba, ya ce wanda ya jefo wannan bai gama ci ba, ya zo ya karɓi abinsa.

Duane mai tuta, wanda yake tsaye a bakin fili yana ba da hannu, shi ma yana da nasa labarin. Wani mai ja daga jihar da ke maƙwabtaka da mu totur ɗinsa ya maƙale, tarakta ta karkata ta nufi rumfar da matan coci suke sayar da kek ɗin tuffa. Arlen ya ja igiya. Yawancin waɗanda suke wurin sun ɗauka inji ne ya mutu don kansa, har wasu suka yi wa mutumin dariya. Matan suka ci gaba da yanka kek. Haka aikin yake: idan an yi shi da kyau, babu abin da yake faruwa, kuma ba a tunawa da abin da bai faru ba.

Kai ne wanda muka kwashe shekaru muna juya wa baya, Arlen, domin gaba muke kallo. Kai ne mai tsayar da ƙarfin doki dubu da yatsu biyu. Ba ka taɓa neman mu sani ba.

Amma ba don ranakun da ya yi daidai nake wannan rubutu ba. Akwai rana ɗaya da har yau ba wanda ya san ko ya yi daidai.

Arlen da Merle aji ɗaya suka yi tun firamare. Shinge ɗaya ya raba gonakinsu, injin girbi ɗaya suke amfani da shi, kuma Arlen ne babban abokin ango ranar auren Merle da Lorene. Merle ya haɗa taraktarsa mai inji uku a cikin babban rumbun ajiyar kayan gonarsa, da yawan waldar da ke jikinta hannun Arlen ne. Merle ya rubuta mata suna a gefe da jan fenti, Sabon Kicin, saboda kuɗin da Lorene ta daɗe tana tarawa don gyara kicinta can suka shige. Lorene takan ce ita kaɗai ce mace a gundumar da kicinta yake da taya.

A shekarar da nake magana Sabon Kicin tana kan ganiyarta. Gasar gida ce, zagayen ƙarshe, kuma idan Merle ya ci zai samu gurbi a babbar gasar ƙasa, abin da yake nema tun yana saurayi. Rana ta karkata yamma, tana haska ƙarafa. Ya tashi lafiya, ya miƙe tsakiyar fili, gaban taraktar ya ɗan ɗaga kamar yadda ake so. Saura kaɗan ya wuce alamar wanda yake kan gaba sai injunan uku suka yi shiru lokaci guda.

Merle ya cire hular kwano, ya sauko, ya tako zuwa bayan tirela. Duane yana kusa, shi ya ji abin da suka faɗa.

"Me ka gani?"

"Na ga wani abu a ƙasan inji na hagu. Kamar tartsatsi."

"Kamar."

"Kamar."

"Wuta ka gani ko ba ka gani ba, Arlen?"

"Na ga wani abu."

Aka ja taraktar waje aka kwance ta. Ba a samu komai ba, babu ƙuna, babu tsaga, babu yoyo. Wasu suka ce hasken rana ne a kan ƙarfe mai sheƙi. Kwamitin gasa ya yarda Merle ya sake ja, amma kashe injuna cikin tsananin aiki ya lalata ɗaya daga cikinsu, ba yadda za a yi ya tashi a ranar. Gurbin ya tafi ga wani. Shekarar da ta biyo baya masara ta faɗi a kasuwa, Merle ya rufe Sabon Kicin da tamfol, bai sake samun irin wannan dama ba.

Daga ranar ya daina yi wa Arlen magana. Bai zage shi ba, bai kai ƙara ba. Ya sayi tsohon injin girbi nasa na kansa. A coci ya koma ɗaya ɓangaren. Matansu suka ci gaba da musayar tumatir ta kan shinge, suna yi kamar ba su lura ba.

Mutane da yawa sun so su taimaki Arlen da ƙarya mai sauƙi. Wani makanike ya ce masa ai ana iya cewa an ga wata waya da ta goge, wa zai bincika. Arlen ya ce ba a ga waya ba. Ni ma na taɓa tambayarsa, muna layin kofi, ko yana ganin ya yi daidai. Ya ce bai sani ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Ya ce mai yiwuwa rana ce. Sannan ya ƙara da cewa idan ya sake ganin irinsa zai sake ja, ko a bayan wa yake zaune.

Wannan amsa ce ta sa nake girmama shi. Abu ne mai sauƙi mutum ya tsaya a kan hukuncinsa idan daga baya gaskiya ta fito ta wanke shi. Shi ba abin da ya fito. Ya rasa abokinsa a kan abin da wataƙila walƙiyar ƙarfe ce, kuma washegari ya koma kujerarsa ya ɗora hannu a kan igiyar nan, bai sassauta ba don tsoron sake yin kuskure.

A farkon bazarar nan ya je gaban kwamiti da kansa ya ce wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Idonsa na hagu ya fara hazo, likita ya ce za a iya jinkirtawa amma ba za a iya mayarwa ba. Suka ce ai har yanzu ya fi kowa gani. Ya ce ya fi kowa sanin abin da ya daina gani.

A wannan lokacin Darla, 'yar Merle, wadda take aikin jinya a garin da ke kusa, ta riga ta yaye tamfol daga kan Sabon Kicin. Ta gyara ta da inji biyu, ta ci jarrabawar tuƙi, amma uban ya yi ta jan ƙafa. Duk gasar da ta ambata sai ya samo dalili: filin can ba kyau, tayar ba ta zauna ba, a bari sai wani watan. Ta gaya wa Wilma cewa ta fara zargin tsohon ba ya son ta ja ne kwata-kwata. Da labarin ajiye aikin Arlen ya bazu, Merle da kansa ya ce mata ta sa sunanta a gasar gida ta bana, ta ƙarshe da Arlen zai riƙe igiya.

Ranar ta zo. Darla ta hau sikeli, ta wuce, ta ja da baya zuwa goshin tirela. Akwai ma'aikatan da aikinsu ne su ɗaura sarƙa su maƙala igiya. Merle ya bar musu sarƙar, amma ya karɓi bakin igiyar ya maƙala da hannunsa, ya gwada ta sau biyu. Sannan ya taka tsawon tirelar har zuwa ƙarƙashin ɗan ɗakin nan, ya ɗaga kai. Duane ya ce shi dai ya riƙe tutarsa ya kafe idonsa a ƙasa.

"An ce ka makance."

"Ido ɗaya ne. Ɗayan yana nan yana ganinka, ka tsufa."

"Har yanzu kana ganin wani abu?"

"Jefi-jefi."

Merle ya juya ya dubi bayan 'yarsa, ya daɗe.

"To idan ka ga wani abu ka ja. Ko rana ce ka ja."

Darla ta leƙo ta ce, "Baba, kai da Kawu Arlen ku gama zumuncinku daga baya, mai nake ƙonawa."

Ta tashi da ɗan karkata, ta daidaita, ta tafi har inda akwatin ya ci ƙarfinta. Ta zo ta huɗu. Arlen bai ja igiya ba, amma waɗanda suke benci na ƙasa sun ce hannunsa bai bar kanta ba sai da Duane ya ɗaga jar tuta, injuna suka yi sanyi.

Ba a yi wani dogon biki ba. Kwamiti ya ba shi agogon bango, ya ce ya gode, zai sa a rumbu. Da jama'a suka fara watsewa an ga su biyun zaune a bayan motar Merle da kek ɗin tuffa guda a tsakaninsu da cokali biyu, suna gardama a kan ko tayar baya ta yi iska da yawa. Maganar wancan yammacin ba ta taso ba. Lorene ta ce ba ta tsammanin za ta taso, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta taso ba.

Mun gode, Arlen. Mun gode da safiyoyin da ka riga kowa zuwa, da totuwar da ka sha, da ranar da ka zaɓi abokinka ya rayu yana fushi da kai. Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka idon da ya rage.

Wanda zai gaji kujerar ya riga ya koyi saitin akwati, wannan ana koyar da shi. Abin da nake fatan ya ɗauka, shi da duk wanda aka damƙa wa igiyar wani a kowace sana'a, shi ne ya ja idan ya ga abin ja, kuma idan an tambaye shi ya faɗi iyakar abin da ya gani. Mu kuma, idan aka buɗe fili baɗi, mu riƙa waiwayar bayan tirela.

Na bi ta hanyarsu ranar Talatar da ta wuce da safe, ina bayan motar Arlen. Ya rage gudu a bakin gonar Merle kamar kullum. Kafin ya ɗaga hannu, Merle ya riga shi.