Wutar Kaka da Odar Kawu

Daminar da aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya riƙa hawowa garinmu ba sallama. Yau ya ci gonar albasa, gobe ya leƙa masallaci. Kowa ya kwashe ya koma sabon garin da gwamnati ta gina mana a tudu, wajen Wara, sai Kaka kaɗai, mahaifiyar Innata. Ta ce ba ta ga abin da zai kai ta ɗakin siminti mai rufi kamar bayan kunkuru ba. Sai da kifi ya fara kwana a zaurenta sannan ta yarda.

Amma da sharaɗi. Wutar murhunta, wadda ta ɗebo a murhun uwar mijinta tun tana amarya, take binne ta a toka kullum dare, da ita za ta tafi. Ta rantse in wutar nan ta mutu a hanya ba za ta kwana a sabon gida ba, za ta koma ta hau kan rumbu ta zauna. Kaka kuwa in ta rantse, to magana ta ƙare.

Inna ta tura mu ɗauko ta, ni da Kawu, autan Kaka, mai jigilar busasshen kifi zuwa kasuwar Yelwa da wata tsohuwar a-kori-kura. Komai na motar nan ya tsufa sai oda. Kawu yana danna ta don kaza, yana danna ta don itace, wani lokaci don kawai ya tuna wani abin dariya. Kaka ta tsane ta, ta ce tun da aka kawo ta kajinta suka rage ƙwai.

Lodi ya cinye mana yini, don sai da Kaka ta yi bankwana da kowace katanga. Sai bayan magariba muka tashi, hadari yana haɗuwa a gabas. Kawu ya ce wuta ba za ta shiga gaban motarsa ba, saboda haka Kaka ta hau baya, ta zauna tsakanin turmi da randa, kaskon garwashi a cikin tasa mai rairayi a kan cinyarta. Ni ina gefenta rungume da kaji.

Muna tsakiyar wata fadama fitilun mota suka mutu, duka biyu, lokaci guda. Kawu ya taka birki, turmi ya rungume ni, kaji suka tsine wa kowa. Duhu ya yi duhu har sai da na shafa hancina na tabbata yana nan.

Kawu ya sauko ya fara da abin da ya fi gwaninta a kai, ya zabga wa kowace fitila mari. Shiru. Ya ce ba ƙwan fitila ba ne, don ƙwai biyu ba su shawarar mutuwa tare. Ya koma ya danna oda, ta yi kuka har kwaɗin fadama suka yi tsit. Ya ce to, batir na da wuta, saura fis, wani ɗan gilashi ne mai siririyar waya a ciki, wanda ke ƙonewa don ya ceci sauran wayoyin mota. Yana can ƙarƙashin sitiyari, inda ko da rana sai an yi sujada ake ganinsa. Tocilan Kawu kuwa ya baro ta Yelwa.

Can aka yi walƙiya. Iska mai ƙanshin ruwa ta taso. Na ga Kaka ta duƙa a kan kaskonta kamar kaza a kan ƙwai.

Kawu ya zagayo ya durƙusa a gindin taya, ya ce, “Tsohuwa, a ara muna wuta.”

“Wace wuta, Auta? Wadda ka ce ba ta shiga motarka?”

Sai da ya ba ta haƙuri, ya ba wutar haƙuri, sannan ta zare kara daga damin karan da ke cikin kayanta, ta hura garwashi, ta kunna ta miƙo mini. Ta ce, “Riƙe da kyau, maigida, in ka ƙona mishi gemu ba ni biya.”

Kawu ya kwanta rigingine, ƙafafu a waje, ni ina haska masa daga bakin ƙofa. Ya zaro fis ya ɗaga. Gilashin ya yi baƙi, wayar ciki ta tsinke. Ya ce kafin a sa wani sai an gano abin da ya ƙona wannan, in ba haka ba shi ma ya bi sahu. Muka bi wayoyi da kara har bayan fitilar hagu, nan muka tarar girgizar hanya ta goge fatar wata waya tana taɓa ƙarfe. Ya yanko robar tsohuwar taya ya naɗe ta tam.

Saura sabon fis, babu shi. Kawu ya juye aljihunsa, ya juye hularsa, ya laluba ƙarƙashin kujera, ya ciro kan kifi da rabin goro. Kara yana ƙarewa, Kaka tana kunno wani, kowace hurawa tana ƙorafin ana cinye mata garwashi. Ni dai na lura akwai wani ɗan gilashi lafiyayye kusa da gurbin na farko, kuma duk lokacin da haske ya kai kansa sai Kawu ya kare shi da hannu. Na tambaya da ƙarfi, yadda za a ji a bayan mota, wancan na mene ne. Ya harare ni, ya ce ba ruwana.

Kaka kunnenta ba ya jin kiran Inna, amma yana jin raɗa daga ƙetaren Kwara. Ta ce, “Auta, na mi ne?”

Ɗigon ruwa na farko ya faɗa kan bodi.

“Na oda ne,” ya ce, kamar mai sanar da rasuwa.

“Shina shiga wurin wancan?”

Ya ce yana shiga, amma mota ba oda ai gawa ce. Kaka ta ce gawar da ke gani ta fi mai rai makaho, ya cire. Ya cire, ya sa a gurbin fitila, ya murɗa. Haske ya watsu a fadama, har na hango wani kwaɗo yana kare ido. Na yi tsalle na buga kai da ƙofa. Kawu ya danna oda don sabo, ko uffan ba ta ce ba, Kaka ta yi dariya har kaskon na rawa.

Yayyafi ya fara. Kawu da kansa ya buɗe ƙofar gaba, ya ɗauko Kaka da kaskonta ya zaunar. Ni aka mayar da ni baya, aka naɗa ni oda. Da muka cim ma garken shanun Fulani a hanya na buɗe maƙogwaro na yi kukan da na iya. Shanun suka dube ni, suka dubi juna, wani bijimi ya matso ya ji da kyau. Sai da makiyayin ya gama dariya ya kore su da sandarsa.

Ruwa ya kece muna shiga sabon gari. Inna da maƙwabta suka fito da tabarma suka yi wa Kaka rumfa daga mota har madafa. An riga an jera duwatsun murhu. Ta durƙusa ta tone toka. Garwashi ɗaya ya rage, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta ɗora masa yayi, ta hura a hankali, ta sake hurawa, hayaƙi ya tashi, sai harshen wuta ya miƙe.

Ta zauna daɓas a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta dubi rufin ta taɓe baki, ta ce ɗakin ya yi sanyi kamar randa. Daga nan ta ce wa Inna ta ɗora ruwan tuwo, ni kuma in shigo mata da tabarma in shimfiɗa kusa da murhu.