Surukata a Ɗakin Ƙasa

Ni mutum ne mai yawan fargaba. Idan na kulle ƙofa na sauko daga bene, sai na sake hawa na taɓa ta don in tabbata. Matata ta daɗe da daina yi mini magana a kan wannan hali. Saboda haka lokacin da rediyon motar hayar da nake tuƙawa ya fara maganar wata guguwa da ke tasowa daga teku, babu wanda ya yi mamakin ganin na rikice tun sama tana garau.

Karatuna bai wuce firamare ba, Turancin da nake ji kuwa na bakin fasinja ne. Idan an yi sanarwa nakan saurara, in koma gida in sa 'ya'yana mata biyu su sake yi mini bayani. Ina tambaya da Hausa, suna amsawa da Turanci, a haka dai muke fahimtar juna. Abin da na gane shi ne iska za ta turo ruwan teku zuwa cikin gari, wuta na iya ɗaukewa, kuma za a tsayar da jiragen ƙarƙashin ƙasa da motocin bas kafin ta iso.

A ƙasar waje muke, muna zaune a hawa na biyar na wani dogon gini a titin Grand Concourse. Na wanke bahon wanka na cika shi da ruwa, na cika tukwane da robobi. Na sayo tocila da batir, don an ce kada a kunna kyandir saboda gobara. Na ajiye garin kwaki da sukari da ƙuliƙuli da dabino da kifin gwangwani, abincin da ba ya bukatar wuta. Takardunmu na ɗaure su a leda, na sake sa ledar a cikin wata leda. Tsohon keken yara da ke kan matakalar ƙarfe ta wajen taga na shigo da shi, kada iska ta jefa shi kan wani. Har na fara manna salatif a gilashin taga, sai sufa, wato mai kula da ginin, ya ce wannan ba ya hana gilashi fashewa, in dai ja labule in nisanta yara daga taga. Na ɓare shi gaba ɗaya.

Maƙwabcina da ƙofarsa ke kallon tamu, wani Alhaji ne ɗan zangon Kumasi mai sayar da turare da huluna a titin 125, iyalinsa suna gida. Ya leƙo ya ga tukwane jere har bakin ƙofa, ya ce, "Malam, rijiya za ka buɗe ne? Ka rage wa kifin teku mana." Na yi dariya don kada ya ji babu daɗi, amma hankalina ba ya wurin, yana unguwar Soundview.

A can surukata take, mahaifiyar matata, tare da ɗanta ƙarami, a wani ɗaki da ke ƙarƙashin gidan wasu mutane. Sai ka sauka matakala kafin ka kai ƙofar, tagarsa kuwa daidai take da ƙafafun masu wucewa. Unguwar ba ta da nisa da ruwa, kuma an yi ta nanatawa cewa duk mai kwana a irin wannan ɗaki ya fita. Ɗan nata direban babbar mota ne, guguwar ta tsare shi a wata jiha mai nisa. Matata tana aikin kula da wata tsohuwa mara lafiya a gidanta, an roƙe ta ta zauna can har iska ta wuce, don babu mai karɓar ta. Ya zama babu wanda ya rage sai ni.

Duk Bahaushe ya san abin da ke tsakanin mutum da surukarsa. Tamu ta ma fi ta kowa, don matata 'yar fari ce. Inna, wato surukar tawa, ba ta taɓa kiran sunanta ba, balle nawa. Tun da muka yi aure ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Idan na je gaisuwa, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska ga bango ta amsa. Idan tana da magana da ni, sai ta gaya wa ɗanta ya gaya wa matata. Mun haye teku da wannan kunya, ba ta ragu ba, kuma ni ban taɓa jin ta yi mini nauyi ba. Ina ganin ta a matsayin wani abu mai kyau da muka zo da shi wanda bai lalace a hanya ba.

Matata ta kira ta a waya ta roƙe ta ta dawo wurinmu. Inna ta ce ita ta ga iska iri-iri a rayuwarta, ta ga wadda ta yaye kwanon gidaje ta kai shi bayan gari. Abin da ta sani shi ne idan iska ta taso, na sama shi ke cikin haɗari, na ƙasa ya ji daɗinsa. Ta ce mu ne ma ya kamata a tausaya wa, da muke rataye a hawa na biyar. Da aka gaya mata har suna aka raɗa wa guguwar, ta tambaya ko an yanka rago. Matata ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Baban yara, ba iska ba ce matsalar. Ɗaki ɗaya da falo gare mu, bayi ɗaya, kuma ba na nan. Ka san ba za ta kwana inda kake ba."

Na kai wa Alhaji maganar. Ya ce abu mai sauƙi, in ce mata aiki ya riƙe ni, ba zan kwana gida ba. Na ce wannan ƙarya ce, babu mai tuƙi a daren. Ya ce ƙaryar da za ta ceci rai ai malamai ba su hana ba. Wataƙila yana da gaskiya, amma na san kaina, bakina zai yi rawa, kuma idan ta gane daga baya ba zan ƙara iya durƙusawa a ƙofarta ba. Sai na roƙe shi ya ba ni wurin shimfiɗa a falonsa, don abin da zan faɗa ya zama gaskiya. Ya ce ya yarda, da sharaɗin ba zan tashe shi in tambaye shi ko ya kashe murhu ba.

Bayan azahar na ɗauki mota. Sama ta yi nauyi, iska tana zuwa tana ɗaukewa, ana yayyafi. Shaguna sun ja ƙofofin ƙarfe, gidan mai ya cika da layi. A Soundview na ga mutane suna loda jakunkuna a mota. Masu gidan da Inna take sun riga sun tafi, sun buga mata ƙofa ta yi musu godiya da hannu, don ba sa jin harshen juna.

Na sauka matakalar, na cire takalmi, na yi sallama na durƙusa. Tana zaune a kan darduma da carbi, ta juya ga bango. Muka gaisa kamar kullum, ta tambayi yara da aiki, na tambayi ƙafarta. Ban taɓa fara wata magana da ita bayan gaisuwa ba. Ina kallon wata 'yar magudanar ruwa da ke ƙasan matakalar, kusa da gwiwata, ganye ya toshe rabinta.

Na daure na ce mata ba iska ake tsoro a nan ba. Na ce teku ne zai cika ya hau titi, ruwan kuma zai bi matakalar nan ya sauko, wani ma ya ɓullo ta bayi. Idan ya danne ƙofa daga waje, ƙato ma ba ya iya buɗe ta, ga wayoyin lantarki a bango. Ta ce Allah shi ke tsarewa. Na ce haka ne. Na ƙara da cewa gidanmu nata ne ita da jikokinta, ni na sami wurin kwana a wajen maƙwabci, ba za ta ko ji motsina ba.

Ta ce, "In kori mai gida daga gidansa, ina tsohuwa? A gaya wa mutanen gida haka? Tashi ka koma wurin yara tun hanya tana biyuwa. Allah ya yi albarka."

Idan babba ya ce Allah ya yi albarka, magana ta ƙare. Na san wannan. Na miƙe, na sa takalmi, na hau matakala biyu ko uku. Iska ta kaɗo wata robar shara ta wuce ta saman kaina. Na tsaya ina tunanin abin da zan gaya wa matata, da abin da zan gaya wa kaina idan gari ya waye. Sai na juyo na zauna a kan matakalar, na sake cire takalmin.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Idan nan za ki kwana, ni ma a kan matakalar nan zan kwana."

Ban taɓa jin muryata ta fita haka a gabanta ba. Carbin ya tsaya. Ta ce yara fa? Na ce suna sama, Alhaji yana kusa, ruwa ba zai kai gare su ba. Ta ce ashe ba ni da kunya. Na ce ina da ita, Inna. Ruwan sama ya fara sauka sosai, yana jiƙa mini baya, ban motsa ba. Ban yi haka don dabara ba, ƙafafuna ne suka ƙi tafiya.

Sai ta juyo. A tsawon shekarun nan ban taɓa ganin fuskarta sosai ba sai ranar, kuma na ga matata ce sak, har da yadda take tsuke baki idan ranta ya ɓaci. Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Shigo ka ɗauki jakar can. Kada ka taɓa ta saman, kayana ne."

Na tambaye ta maganin hawan jini, ta nuna mini da baki. Na haɗa shi da fasfo ɗinta da Alƙur'aninta a leda. Na ɗora abin da zan iya a kan kabad, na zare wayoyin firij da talabijin, na kashe wutar ɗakin daga akwatinta. Na kulle ƙofa, kuma ko da nake jin tana jira a cikin ruwa, sai da na koma na taɓa ta. A mota ta zauna a baya, can gefen da madubi ba ya kama ta. Muka isa Grand Concourse. Na ce kada mu shiga lif, wuta na iya ɗaukewa muna ciki. Ta hau benen nan a hankali tana hutawa, ina biye da kaya daga nesa.

Guguwar ta iso wajen magariba. Ba zan iya kwatanta ƙarar ba, ginin dai yana gurnani, fitilu suna lumshewa suna dawowa. Yara suka ja katifa zuwa lungun da babu taga, suka kwanta da kakarsu. Ni ina falon Alhaji, shi yana ta minshari. Da safe titi ya cika da rassan itatuwa, amma kowa namu lafiya. Bahon da na cika bai yi amfani ba, don famfo bai ɗauke ba, kuma Alhaji bai bar ni na manta da haka ba har yau.

Sai da aka buɗe hanyoyi ƙanin matata ya dawo, muka tafi Soundview tare da Inna, don ta ce sai ta gani da idonta. Tun daga sama wari ya tare mu. Ƙofar ta kumbura, sai da muka sa kafaɗa. Firij ya kife a tsakar ɗaki, katifa ta zama laka. A bango akwai layin datti inda ruwan ya tsaya, ya wuce kafaɗata. Ƙanin matata ya dafa kai yana salati.

Inna ba ta shiga ba. Ta tsaya a kan matakala tana duban layin. Ta daɗe. Sannan ta ce wa ɗanta ya nemi ɗaki a sama, ko da ƙarami ne, ita ta gama kwana a rami.

Kafin a sami ɗakin ta yi makonni a wurinmu, ni kuma ina falon Alhaji. Maganar matakala ba ta sake tasowa ba, ba daga bakinta ba, ba daga nawa ba. Nakan zauna ina auna abin, ko akwai wata hanya da ta fi wadda na bi ladabi, wadda mai ilimi zai gano nan take. Ban same ta ba tukuna. Matata ta ce in bar wahalar da kaina, Inna ba ta riƙe ni a zuci ba. Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce ranar da za su tashi, Inna ta tambaye ta ko wannan mutumin yana cin yaji, don tana so ta daka masa kafin ta tafi.