Malam Isiyaku da Labarin da Bai Karanta Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye bakin sito a kasuwar hatsi ta Funtua, ana loda masara, Nura ya kira ni ya ce Allah Ya yi wa mahaifinsa, Malam Isiyaku, rasuwa da hantsi. Na bar yara da mota na kama hanyar Mahuta, inda Malam yake zaune. Sallar jana'iza a sahun baya na same ta, kuma ban nemi matsawa gaba ba, ko da yake an yi mini hanya.

Malam ne ya koyar da mu Hausa da Turanci a sakandare. Ni ba ɗalibin kirki ba ne, kowa a ajinmu shaida ne. Ina aji uku mahaifina ya rasu, na yanke shawarar barin makaranta in bi masu sayen auduga. Malam ya hawo kekensa har ƙofar gidanmu, ya zauna da kawuna, aka daidaita: ranar kasuwa in tafi nema, da yamma in zo zaurensa ya maimaita mini darasin da na rasa. Haka muka lallaɓa har na gama da sakamakon da ba na nuna wa kowa. Abin da na tara a duniya da gumina na tara shi, ban gada ba. Amma takardar da nake karantawa kafin in sa hannu, aikin Malam ce.

Ba ya duka, ba ya tsawa. Duk Juma'a darasin ƙarshe sai ya rufe littafin gwamnati, ya tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya mu karanta abin da muka rubuta. Yakan ce, "Rubutun da kunne bai ji ba, ɗanye ne." Idan wani ya tari numfashin mai karatu, sai ya dube shi ya ce, "Bari ya sauke kayansa tukuna, sannan ka ɗora naka." Da ya yi ritaya ya koma gonarsa ta dawa, yana rubuta labarai a tsakanin noma da girbi. Bara ɗaya daga cikinsu ya ci gasa, yana da furfura har gira.

A ƙarshen daminar nan ya zo ofishina da takardar gayyata. Jami'a ta shirya zaman karatu na yamma. Marubuta biyu daga ƙasar Ireland, masu lambobin yabo, za su karanta nasu, sannan namu na gida su karanta. An sa Malam a ƙarshe don girmamawa.

"Sabi'u," in ji shi, don shi kaɗai ya rage da ba ya ce mini Alhaji, "mota nake so ka ara mini. Ban taɓa karanta nawa a gaban marubuta ba. Kullum ni ke sauraro."

Na ce ai ni zan kai shi da kaina, kuma abinci da ruwan taron duk a wuyana. Da masu shiri suka ji haka, sai suka naɗa ni uban taro.

An fara bayan La'asar, da sharaɗin a tashi kafin Magariba, don ba mai son duhu ya riske shi a hanyoyinmu yanzu. Ɗaya daga cikin baƙin, wata Baturiya, ta karanta labarin mahaifinta da ya sayar da shanunsa na ƙarshe. Malam yana gefena yana raɗa mini fassara. Ya ce, "Ka ji, ashe su ma manoma ne." Takardunsa na kan cinyarsa, ya ja layi a inda zai ja numfashi.

Kafin a kira shi aka ce uban taro ya yi tsokaci kaɗan. Na tashi na ga farfesoshi jere suna kallona, sai girman kai ya kwashe ni. Na gaya musu yadda na fara da kwano ɗaya na awo. Na gaya musu ban taka jami'a ba amma masu digiri ke rubuta mini rasit. Ɗalibai suka tafa, na ƙara. Mai gabatarwa ya matso kusa da ni sau da dama yana duban agogo, na yi kamar ban gan shi ba. Ko sunan Malam ban ambata ba sai a ƙarshe. Ina zama aka kira sallah. Mai gabatarwa ya ba Malam haƙuri a lasifika, ya ce sai wani jiƙon.

Da muka fito masallaci, Baturiyar nan ta tare shi a bakin mota, ta roƙe shi ya karanta mata ko shafi ɗaya, tana so ta ji yadda yake fita a Hausa. Har ya fara warware takardun. Ni kuwa na leƙo ta taga na ce, "Malam, hanya fa." Ya naɗe su, ya yi mata godiya, ya shigo.

Muka kama hanya, har muka yi nisa. Can ya ce, "Jawabinka ya yi kyau, Sabi'u. Sai dai ka manta ba ka gai da baƙi ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na san abin da na yi tun a ranar. Amma ni ban saba buɗe baki in ce a yafe mini ba. Sai na aika masa da buhunan masara da atamfar Inna Hauwa, matarsa. Direbana ya dawo ya ce Malam ya raba masarar a unguwa, ya kuma ce a gaya mini yana godiya, amma ba buhu yake jira ba, ni yake jira. Na ce bari a gama kaka, kasuwa ta lafa. Kaka ba ta ƙare ba Nura ya kira.

Ranar uku na ja Nura gefe, na gaya masa duka, na tambaye shi ko Malam ya bar wata magana a kaina.

Ya ce, "Alhaji, da ciwo ya yi tsanani ya ce ya yafe wa duk wanda ya yi masa wani abu, sani da rashin sani."

"Ya kira sunana?"

"Bai ware kowa ba."

Malamai sun ce wannan ya wadatar, kuma na karɓa, don ba ni da wani abin da zan riƙe. Amma yafiyar da aka yi wa gari duka daban take da wadda mutum ya durƙusa ya roƙa. Ita ya jira in zo in karɓa, ni kuwa ina bakin sito.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Isiyaku, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba Inna Hauwa da Nura da ƙannensa dangana, Ka rufa musu asiri bayansa. Ni kuma Ka yafe mini haƙƙinsa, kada Ka tsayar da mu ni da shi a kan abin da ya faru ranar taron nan gobe ƙiyama. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.