Albasar da ta ruɓe a cikin kwamfuta

Shekarun baya, wajen shida ke nan, saura ƙiris in sayar da kwamfutar ɗiyata a kasuwar Jega. Ba barazanar baki ba ce, har na yi magana da mai saye.

Ku da ke bibiyata kun san sana'ata albasa ce. A Aliero aka haife ni, cikin warinta na tashi. Ina saye lokacin da aka cire ta tana araha, in zuba a rudu, rumbun nan na kara da ciyawa da muke ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, in jira ta yi tsada. Boko kuwa sai da na haura arba'in na shiga ajin manya. Lokacin da abin nan ya faru da ƙyar nake haɗa baƙi, ina bin layi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ɗiyata ta fari tana jami'a, ta ce karatunta ba ya yiwuwa sai da kwamfuta. Na sayar da tumakina na saya mata. Wata rana da la'asar na leƙa ɗakinta in ga karatun da ya cinye min dabbobi. Me zan gani? Wasu 'yan mutane kamar 'yartsana suna yawo cikin gida. Wannan na wanka, wancan na soya ƙwai, wata ta buɗe shago tana sayar da kayan miya.

Na ce, "Ke! Wanga shi ne karatun?"

"Wasa ne, Inna. Rayuwa ake yi a ciki. Wagga mai shagon tawa ce."

Ta nuna min wani koren layi da ke hawa sama, ta ce riba ce. Wai ta saka wa wasan abin da suke kira mod, wani ƙari da mutane ke rubutawa su cusa a ciki ya canza dokokinsa. Nata yana sa masu saye su yi ta shigowa ba yankewa.

Na tsaya ina kallo, hannu a ƙugu. Mutum ya shigo, ya ɗauka, ya biya, ya fita. Ba tayi, ba gyara, ba ko "ina gajiya".

"Tumatirin can kwana nawa ya yi?"

"Kamar wata uku."

"Bai ruɓe ba?"

"Ba ya ruɓewa, Inna."

Na yi dariyar da ba ta da daɗi. Na ce ko akuya aka ba wa wannan shago sai ta ci riba. Na ce ranar kasuwa za ta bi ni Jega, kwamfuta ta koma tunkiya.

Na zaci za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta dube ni ido cikin ido, kuma na san a wajen wa ta gaji wannan kallon, ta ce, "Ki ba ni sati uku. Zan rubuta nawa mod ɗin da hannuna, in sa albasar Aliero a ciki. Ke za ki riƙe shagon. In kinka ci riba, ki sai da ta. In kinka faɗi, ki bar min kayana."

Ni? Albasa? Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'ar? Na ce na yarda, kuma maigidana ne shaida.

Sati ukun nan ta hana ni shan iska. Duk inda na nufa tana biye da ni da littafi. Inna, kwana nawa albasa ke yi a rudu kafin ta fara tsiro? In ɗaya ta ruɓe, nawa take ja? Yaushe dillali ke ƙara tayi, yaushe yake juya baya? Mi ke sa mai saye ya dawo? Ni kuwa ga son a tambaye ni, na yi ta zuba kamar malama. Har mota ta shiga ta tafi Kuberi wajen yayana manomi, don ta ji ta bakin masu shuka. Ta dawo ta zauna tana buga wasu rubutu masu kama da tafiyar kiyashi, abu ya lalace ta goge ta sake, ya sake lalacewa ta sake. Ban taɓa jin ta yi tsaki ba.

Ranar gwaji muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi. Maigida ya jawo kujera, ya rage muryar rediyonsa. Da ta buɗe sai ga rudu, irin namu sak, har da ciyawar da ke leƙowa ta gefe. A ƙasa ga madannai uku da manyan baƙaƙen Hausa: ALBARKA, NA SALLAMA, DUBA RUDU. Ta rubuta su manya ne don ni in iya karantawa da kaina. Abin ya taɓa ni, amma ban nuna ba.

A cikin wasan, wata guda ba ya wuce 'yan mintuna. Dillali ya zo ya taya. Albarka. Ya dawo ya ƙara. Albarka. Ya zo karo na uku, ina danna abin nan ina yi masa faɗa da baki kamar yana ji na.

"Inna, hadari fa ya fara haɗuwa."

"Bar shi ya haɗu. Tsada na gaba."

Ruwa ya sauka. Dillali ya zo karo na huɗu da tayin da ko a kasuwar gaske sai a gode wa Allah. Albarka. Ina can ina jayayya da shi, ban ko kalli madanni na uku ba. Da na tuna na danna, rudu ya buɗe, rabi ta yi koren tsiro, rabi ta yi baƙi. Har ƙudaje yarinyar nan ta saka. Layi ya koma ja, aka rufe shago, 'yar matar ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Na miƙe tsaye. "Maguɗi kinka yi min!"

Ta buɗe littafinta ta karanto min maganata, kalma kalma: wanda ya ga hadari bai rage kaya ba, kansa ya cuta. A duba rudu kowane sati a tsince masu laushi. Kada a bar tayi na uku ya wuce.

Sannan ta karɓi kwamfutar ta sake farawa. Dillalin nan ne dai, ruwan nan ne dai. Ta sallama kashi ɗaya tun tayi na biyu. Tana shiga rudu tana tsincewa. Wata mata ta sayi kaɗan, ta yi mata gyara, matar ta dawo da ƙawaye biyu. Ta ajiye 'yar ragowa mai kyau har tsada ta zo. Koren layi ya hau a hankali, bai sauko ba.

Maigida ya gyara zama ya ce, "Bara waccan da rudu biyu sunka ruɓe maki, ita ma kwamfuta ce ta yi maguɗin?"

Waccan asarar na ɗora ta a kan dillalai, na ɗora ta a kan bakin mutane, har na daina gaisawa da wata maƙwabciya. Ashe abin da na yi a fili ne na maimaita a kan tabarma, gaban shaidu.

Ranar kasuwa na tafi Jega ni kaɗai, na ce wa mai saye ya nemi wata.

Har yau in na tuna, ba kayen ne ke tsaya min a rai ba. Yarinyar ce. Na yi shekaru ina faɗar dokokin sana'ata ina taka su. Ita ta saurare ni fiye da yadda na taɓa sauraron kaina, ta ɗauki surutun uwarta da ba ta gama iya karatu ba ta mayar da shi abin da na'ura ke ganewa. Kuma da ta kayar da ni ba ta yi min dariya ba, sai ta tashi ta kawo min ruwa.

Yanzu ta gama karatu, irin wannan aikin ne ke ciyar da ita. In ta zo hutu nakan ce ta buɗe min shagon. Sau biyu kacal na taɓa cin riba, kuma duka biyun tana zaune kusa da ni, ta danne min yatsa kada in yi ta danna ALBARKA.