Kin Yi Gaskiya, Dakta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, uku ga watan Maris, da hantsi, mijinki ya kira ni ya ce kin cika, bayan jinyar kwana huɗu. Ina tsaye a ɗakin gwaje-gwajenmu, da takunkumi a fuska, na rasa inda zan zauna.

Shekara goma sha ɗaya muna aiki teburi ɗaya a kan ƙwayar cutar tarin fuka, kuma shekara goma sha ɗaya muna gardama. Ke kin ce idan ƙwayar ta rasa iska, akwai wani sinadari a jikinta da ke zama a kan ƙwayoyin gadonta ya hana a kwafi umarninsu, sai ta yi lamo kamar ta mutu, magani ya wuce ta. Ni na ce sinadarin nan ɗan kallo ne kawai. Sau biyu na ƙaryata ki a gaban ɗalibai. Ba ki ɗaga murya ba, sai dai kika ce, "Abokin aiki, ƙwayar nan kwana guda take yi kafin ta rabu biyu, amma ta fi ka saurin fahimta."

Duk da haka, lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, ke kika kula da kwalaben da nake renon ƙwayar a ciki wata biyu, har ranakun hutu, ba ki taɓa goranta mini ba. Na kuma sha ganinki a barandar asibiti kina lallashin marasa lafiya da suka ji sauƙi suka ajiye magani. "Baba, ba ta mutu ba, kwanto take yi," kikan ce. "Daure ka cika wata shidan."

A watan Fabrairu muka shirya gwajin da zai raba gardama: kwalabe goma sha biyu, shida an cire musu sinadarin, shida an bar musu, duk an hana su iska, sai jiran mako shida. Kika rufe akwatin ɗumi kina dariya, kika ce in fara koyon ba da haƙuri. Kika tafi a mako na huɗu.

Jiya na buɗe. Ƙwayoyin da aka cire wa sinadarin sun kasa yin lamo, sun mutu. Sau uku ina ƙirgawa, ina neman kuskure don halina, ban samu ba. Na juya in gaya miki, sai na ga farar rigarki a rataye a bayan ƙofa. Girman kai rawanin tsiya, ni na san nauyinsa yanzu. Kin yi gaskiya, Dakta. Na yi kuka, kuma ban ji kunyar ɗalibai ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki, da 'ya'yanki uku, da mahaifinki da ya tsufa ya binne 'yarsa. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa aikin nan ya zame miki sadaka mai gudana. Ni kuma, tunda ban samu neman gafararki ba, ina roƙon iyalinki su yafe mini a madadinki.